Filin Tambaya da Amsa: Wai Har Gilashi Ake Yi Wa Digirin Digirgir?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato karatu da aikin bincike a kimiyyar gilashi da injiniyancin kayan ƙira, fannin nan da ke nazarin abubuwan da ake ƙera komai da su kamar ƙarfe da roba da tangaran da gilashi. Na zaɓi biyar, wasu na rage musu tsawo saboda wuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina aji uku a sashen kemistiri. Tun da aka yi mana wani kwas kan tangaran da gilashi hankalina ya tafi can, ina so in ci gaba har in zama malamin jami'a mai bincike a fannin. Matsalar abokaina dariya suke min wai a yankan gilashin taga zan ƙare, wani ma cewa ya yi ai gilashi an gama gano komai nasa tun zamanin Fir'auna. Don Allah akwai sauran abin bincike kuwa? Kuma ta ina ake farawa?

AMSA: Ƙanina ka gaida min abokan naka, ka ce musu saƙon tsokanar da suke turo maka a waya ta cikin zaren gilashi ya biyo, kuma a kan gilashi kake karanta shi. Gaskiyarsu ɗaya ce, sana'ar tsohuwa ce, mutanen Masar da Mesofotamiya suna narka gilashi fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Amma iya yin abu daban, sanin me ya sa yake yin yadda yake yi daban, kuma a wannan ratar da ke tsakani ne mai bincike yake cin abincinsa.

Kai da kake kemistiri ka san yawancin abubuwa in an narkar da su aka bar su suka huce, ƙwayoyin zarrarsu jeruwa suke yi cikin tsari mai maimaita kansa, shi ne kiristal. To gilashi bai samu wannan damar ba, ruwan nasa kauri yake ta yi yana hucewa har ya sandare kafin ƙwayoyin su samu shiga layi, sai ka samu abu mai tauri amma cikinsa a hargitse irin na ruwa. Sai a 1932 ne W. H. Zachariasen na Jami'ar Chicago ya kawo bayanin da har yau da shi ake fara koyarwa, cewa cikin gilashi wata raga ce ta silikon da oksijin a sarƙe ba tare da maimaici ba. Ka ga kenan dubban shekaru ana busa kwalba ba a san wannan ba. Kuma shi kansa wannan sandarewar, me ke faruwa daidai lokacin da ruwa ya koma gilashi, har yanzu masana ba su daidaita a kai ba. Philip Anderson, wanda ya ci kyautar Nobel a fiziks, ya rubuta a 1995 cewa a ganinsa wannan ita ce matsala mafi zurfi da ta rage ba a warware ba a nazarin abubuwa masu tauri. Don haka wanda ya ce an gama, bai leƙa ba ne kawai.

Ɓangaren amfani kuma ai sai ka gaji da lissafi. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa abin da ke kashe haske a cikin zaren gilashi datti ne na ƙarafa, ba halin gilashin ba ne, in an tsarkake shi haske zai yi tafiya mai nisa ɗauke da saƙo, a 1970 masu bincike uku na kamfanin Corning, Maurer da Keck da Schultz, suka fitar da zaren da ya tabbatar da haka, intanet ɗin da ke ratsa teku yau a kan wannan yake tafiya. Gilashin fuskar waya kuwa tsoma shi ake yi cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan maki 400 a ma'aunin Salshiyas, sodiyam ɗin saman gilashin ya fita fotasiyam da ya fi shi girma ya cusa kansa a gurbin, saman ya matse, shi ya sa tsaga ba ta saurin buɗewa. Faransa da Ingila suna narka sharar nukiliya mai haɗari su kulle ta cikin gilashi, kuma tambayar yaya wannan gilashin zai kasance in ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taɓa shi bayan dubban shekaru, mutane da yawa a kanta suka yi digirgir. Ga gilashin da ake ɗinke ƙashi da shi, ga kwalaben rigakafi, ga faifan sola, ga matsalar hayaƙin da tanderun masana'anta ke fitarwa. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 a matsayin shekarar gilashi.

Ta ina ake farawa? Daga inda kake. Ba sai digirinka na farko ya kasance na gilashi ba, yawancin manyan fannin daga kemistiri ko fiziks ko injiniyanci suka shigo. Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne ilimin zafi da kuzari wato tamodainamiks, da karanta taswirar nan da ke nuna a wane zafi cakuɗa kaza ke narkewa ko daskarewa, da lissafi, sannan ka koyi rubuta furogiram ko da Python ne kaɗai. Ɗalibai na gudun waɗannan kwasakwasan su tafi masu sauƙin maki, daga baya a mastas su dawo suna kame-kame. Sannan furojet ɗinka na aji huɗu, ka yi duk yadda za ka yi ya zama ka narka wani abu da hannunka.

Don gani ya kori ji, bari in ba ka hoton ranar narki. Da safe za ka auna garin silika da sodiyam kabonet da kalsiyam kabonet a kan sikeli mai ganin miligiram, gilashin taga da na kwalba kusan kashi 70 zuwa 74 cikin ɗari silika ne, sodan yana nan ne don ya sauko da zafin narkewa tunda silika zalla sai ta haura maki 1,700, kalsiyam kuma don kada ruwa ya riƙa cin gilashin. Ka cakuɗa sosai ka zuba a ɗan kaskon filatinam, kaɗan-kaɗan fa, don in ka cika shi kumfar iskar da ke fita daga kabonet za ta taso ta malale ta lalata maka ƙasan tanderu, kuma ranar za ka ji muryar mai kula da lab. Ka kai zafi wajen 1,450 ko 1,500 ka jira awanni kumfa ta gama fita. Sai ka sa safar hannu mai ƙyalli da garkuwar fuska, ka buɗe ƙofa zafi ya dake ka, ka kamo kaskon da doguwar awartaki ka zuba a kan farantin ƙarfe da aka riga aka ɗumama, daƙiƙoƙi kaɗan gare ka kafin ya ƙi zubowa. Da sauri ka mayar da shi tanderu na biyu mai zafin wajen 550 ya huce a hankali cikin dare. Washegari ka zo, ko ka tarar da shi garau, ko ka tarar ya tsage biyu, ko ya yi fari fat alamar kiristal ya fito, sai a koma sikeli. In ka yi wannan ka ji kana ɗokin sake gwadawa, to fannin naka ne. In kuwa ka ji ranka ya ɓaci, gara ka sani yanzu tun kafin ka sa hannu a shekara huɗu.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na gama mastas a injiniyancin kayan ƙira kuma Alhamdulillah na samu gurbin digirgir wuri biyu. Ɗaya jami'a ce mai babban suna amma farfesan ance ba ya zama, kuma gilashi ba shi ne ainihin aikin lab ɗin ba. Ɗayar ba a san ta sosai ba amma malamar matashiya ce, gilashi kawai take yi. Kowa a gida cewa yake in ɗauki mai suna. Ni kuma na rasa ta cewa.

AMSA: Ƙanwata ina taya ki murna. 'Yan gida ba laifinsu ba ne, sunan jami'a suke iya gani, ke kuma za ki zauna ne da mutum ɗaya da tanderu ɗaya na tsawon shekaru. Digirgir ba aji ba ne da za ki ɓuya a bayan wasu, almajirci ne, wanda ya riƙe ki shi zai koya miki yadda ake tambaya, shi zai karanta rubutunki ya cika shi da jan biro, shi zai rubuta miki wasiƙar da za ta buɗe ƙofa ta gaba. Kuma duniyar gilashi ƙarama ce ƙwarai, kusan kowa ya san kowa, in kin je neman aiki tambayar farko ita ce wa ya koyar da ke.

Ki duba ma inda ƙarfin fannin yake. Jami'ar Alfred da ke wani ƙaramin gari a jihar New York, mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba, amma tana ba da digiri a kimiyyar gilashi har zuwa digirgir kuma ɗalibanta sun cika masana'antar. Sheffield a Ingila ita ta buɗe sashen fasahar gilashi tun 1915 ƙarƙashin W. E. S. Turner. Jena a Jamus tun 1884 da Otto Schott ya haɗa kai da Ernst Abbe da Carl Zeiss suka kafa ɗakin gwajin da ya canza gilashin madubin hangen ƙwayoyin cuta. Akwai Rennes a Faransa, akwai Aalborg a Denmak, akwai São Carlos a Barazil, akwai cibiyar binciken gilashi da tangaran ta Kolkata a Indiya. Da yawansu ba su ne a saman jerin jami'o'in duniya da ake yaɗawa ba.

Amma ban ce ki ruga wajen matashiyar ido rufe ba. Sabon malami yana da lokaci da zafin nama, sai dai shi ma yana fafutukar tabbatar da kujerarsa ne, wani lokaci matsin da ke kansa a kan ɗalibi yake saukewa, kuma kuɗin bincikensa kan iya zama gajere. Ki yi abin da ɗalibai ke jin kunyar yi. Ki nemo ɗaliban da suka gama a hannun kowannensu ki tura musu imel ki tambaye su kai tsaye, sau nawa suke ganin malamin, shekara nawa suka ɗauka, ina suke aiki yanzu, kuma in za a maido su baya za su sake zaɓarsa? Wanda ya yi ta kewaye-kewaye bai ba ki amsa ba, ya ba ki amsa kenan. Ki buɗe maƙalun lab ɗin na shekara biyar ɗin nan ki ga sunan wa ke zuwa farko, in kullum na ɗalibai ne alama ce mai kyau. Ki tambayi malaman su biyu a rubuce, kuɗin da za a riƙe ni da shi na shekara nawa ne, daga ina yake, kuma in ya ƙare ban gama ba fa? Sai ki tambayi kayan aiki da sunansu: tanderu mai kaiwa 1,600, kaskon filatinam, na'urar DSC mai nuna zafin da gilashi ke fara laushi, na'urar eksire mai tabbatar da cewa abin da kika zuba gilashi ne ba kiristal ba. Wasu wuraren na'urar tana nan a hoton shafinsu amma layin jira wata biyu ne.

In amsoshin suka fito daidai, ni a ra'ayina wajen mai gilashin nan za ki. In kuma kika ga kuɗinta shekara biyu ne kawai ba tabbacin sauran, to ki tsaya, digirgir da yunwa ba sa haɗa hanya.

TAMBAYA: Malam ni mahaifi ne. Ɗana ya gama digiri da sakamako mai kyau, wani kamfani ya kira shi aiki ya ƙi, wai shi bincike zai yi a kan gilashi ya zama farfesa. Shekara nawa wannan abu yake ɗauka? Akwai abin yi a ciki ko ɓata lokaci ne? Sannan na ji ance suna aiki da wuta da guba.

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take kuma ba zan yi maka kwana-kwana ba. Hanyar doguwa ce. Mastas shekara ɗaya zuwa biyu. Digirgir a Ingila da yawancin Turai shekara uku zuwa huɗu, a Amurka biyar ko shida don can ana haɗawa da kwasakwasai. Bayan nan a ƙasashe da yawa sai ya yi abin da ake kira fosdok, wato aikin bincike na kwantiragi a lab ɗin wani, shekara ɗaya zuwa uku, wasu su yi sau biyu, kafin ya samu kujerar lakcara tasa ta kansa, a Amurka ma bayan ya samu sai an gwada shi wajen shekara shida kafin a tabbatar da shi dindindin. Ka ga daga yau zuwa ranar da zai zauna daram ana maganar shekara goma ko fiye. Kuma gaskiyar da ba a cika faɗa wa yara ba ita ce masu gama digirgir sun fi kujerun jami'a yawa nesa ba kusa ba, ba kowa ne zai zama farfesa ba ko da ya yi ƙoƙari.

Abin da zai kwantar maka da hankali guda biyu ne. Na farko, a fannin injiniyanci da kimiyya digirgir mai kyau ba ɗalibi ne ke biya ba, shi ake biya, ko ta sikolashif ko ta albashin mai taimaka wa bincike, ba mai yawa ba ne amma yana riƙe mutum. In aka ce masa ya zo da kuɗinsa gaba ɗaya, ka ce masa ya sake nema. Na biyu, wannan fannin ƙofarsa da masana'anta a buɗe take ta kowane ɓangare. Donald Stookey da digirgir ɗinsa na kemistiri ya shiga Corning, a 1953 tanderunsa ya lalace ya haura zuwa maki 900 maimakon 600, ya ciro gilashin ya ga ya koma fari, ya suɓuce ya faɗi ƙasa bai fashe ba, daga nan aka samu sabon jinsi na gilashi mai kiristal a ciki wanda irinsa ne yau a saman murhun lantarki. Wani da bai da zurfin karatu da shara zai jefa shi. John Mauro kuma ya yi shekaru a kamfanin yana cikin waɗanda suka inganta gilashin fuskar waya mai suna Gorilla Glass, a 2017 ya koma Jami'ar Penn State ya zama farfesa. Kamfanonin gilashi irin su Schott da Saint-Gobain da AGC duk suna da manyan ɗakunan bincike da ke ɗaukar masu digirgir. Don haka ko bai samu kujerar jami'a ba, bai faɗi ƙasa ba.

Sai dai ka zaunar da shi ka yi masa tambaya ɗaya, wace matsala ce yake son warwarewa? In ya iya yi maka bayani da Hausa har ka gane, ka sa masa albarka. In kuwa amsar ita ce yana son a kira shi dokta, ko yana tsoron fita duniyar aiki ne, to ya karɓi aikin kamfanin ya yi shekara biyu, jami'a ba ta gudu, kuma wanda ya ga tanderun masana'anta da idonsa ya fi sanin abin da ya kamata a bincika.

Maganar haɗari kuwa gaskiya ne akwai. Wutar ma ita ce mai sauƙi don kowa na ganinta yana tsoronta. Abin da ya fi ban tsoro shi ne ƙurar silika da ke lalata huhu in an daɗe ana shaƙa, da sinadarai irin su dalma da asenik da ake sawa a wasu gilasan, da wani ruwan asid mai suna haidurofulorik da ake narkar da gilashi da shi, wanda in ya taɓa fata ba lallai a ji zafi nan take ba amma yana ratsawa ciki ya kama kalsiyam ɗin jiki. Lab na kirki ba ya barin ɗalibi ya taɓa shi sai an horar da shi, ga man kalsiyam gulukonet a ajiye kusa, kuma ba a aiki da shi mutum ɗaya.

TAMBAYA: Malaminmu na sakandare ya ce gilashi ruwa ne mai tafiya a hankali, shi ya sa tagogin tsofaffin coci-coci na Turai ƙasansu ya fi samansu kauri. Haka ne?

AMSA: A'a ɗana, wannan labari ne da ya daɗe yana yawo har cikin littattafai. Edgar Zanotto na São Carlos ya yi lissafin a 1998, ya nuna kafin gilashin taga ya malalo a zafin ɗaki yadda ido zai gani sai an jira fiye da shekarun duniya gaba ɗaya. Tagogin da can da hannu ake yin su, a juya narkakken gilashi ya baje ya zama faifai, dole wani gefe ya fi wani kauri, kuma an samu tagogin da kaurin yana sama ko a gefe. Gilashi mai kauri ɗaya sumul ya zama ruwan dare ne bayan 1959 da Alastair Pilkington ya sanar da hanyar shimfiɗa shi a kan narkakkiyar kuza, bayan kusan shekara bakwai ana gwaji ana asara. Ka faɗa wa malamin cikin ladabi.

TAMBAYA: Malam ni ƙaramin lakcara ne a sashen injiniyancin kayan ƙira. Ana neman maƙalu kafin ƙarin girma, amma lab ɗinmu tanderu ɗaya ne wanda da ƙyar yake kai 1,200, babu na'urorin awo na zamani. Abokan aikina suna biya a buga musu a wasu mujallu cikin sati biyu kuma suna wuce ni. Ni ma in bi sahu ne?

AMSA: Malam na ji zafin da ke cikin wasiƙarka, kuma ba zan yi maka wa'azi ba don na san albashi da girma ba wasa ba ne. Amma ka lura da abu ɗaya, mujallar da ke bugawa cikin sati biyu ba wanda ya karanta aikin kafin a buga, kuma ba wanda zai karanta bayan an buga. Ranar da za ka nemi tallafin bincike ko gurbin ziyara a wani lab, masu tantancewa sunan mujallar suke fara dubawa, guda goma na irin waɗancan kan iya jawo maka shakku fiye da a ce ba ka da ko ɗaya. Maƙala ɗaya a Journal of Non-Crystalline Solids ko Journal of the American Ceramic Society ko International Journal of Applied Glass Science ta fi su aiki, ko da sai an dawo maka da ita gyara sau biyu.

Tanderun 1,200 ba ƙarshen duniya ba ne, ka zaɓi gilashin da ya dace da shi. Gilasan boret da na fosfet da yawansu suna narkewa ƙasa da haka, kuma ana bincike na gaske a kansu, na magani da na riƙe shara da na takin da ke narkewa a hankali. Akwai hanyar sol-jel da ake haɗa gilashi daga ruwan sinadarai ba tare da babban zafi ba. Akwai niƙa fasassun kwalabe a gasa su zama kumfar gilashi ko tayil, wannan ma bai kai 1,000 ba. Awon nauyi ta hanyar Arkimidis sikeli da ruwa kawai yake so. Awon yadda ruwa ko asid ke cin gilashi cikin makonni, sikeli ne da ma'aunin pH da haƙuri. Abin da ke sa a karɓi irin wannan aikin shi ne tsafta, ka canza sinadari ɗaya kawai a jere cikin gilasai shida ko bakwai, ka maimaita kowane awo, ka nuna girman kuskure, kuma in da kaskon alumina ka narka don ba filatinam, ka faɗa ƙarara, domin narkakken gilashi yana lasar bangon kaskon ya shigar da alumina cikin haɗin, mai tantancewa ya san haka ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Abin da nake roƙonka ka guje shi ne maƙalar nan da aka yi ta sau ɗari, mun ƙona ɓuntun shinkafa mun samu silika mun yi gilashi, shi kenan. Tokar tana da silika da yawa, an sani tuntuni. Tambayar da ta rage ita ce sauran abin da ke cikin tokar, fotasiyam da ƙarfe da ragowar gawayi, me suke yi wa launi da kumfa da ƙarfin gilashin, wannan ne bincike.

Sannan kwamfuta. Manhajar LAMMPS kyauta ce, ana kwaikwayon motsin dubban ƙwayoyin zarra da ita a ga yadda ragar gilashi ke haɗuwa, ƙaramin aiki kwamfutar tebur mai ɗan ƙarfi tana ɗauka. Rumbun bayanai na SciGlass mai ɗauke da haɗe-haɗen gilasai dubu ɗaruruwa yanzu a buɗe yake, mutane suna horar da kwamfuta da shi ta yi hasashen halin gilashin da ba a taɓa narkawa ba. Ga wanda ya iya lissafi wannan hanya ce da ba ta jiran tanderu.

Kuma kada ka zauna kai kaɗai. Larry Hench a cikin mota ya haɗu da wani kanar na sojan Amurka a 1967, kanar ɗin ya ba shi labarin samarin da ake yanke wa gaɓoɓi a yaƙin Biyetnam saboda jiki ba ya karɓar ƙarfe da roba, ya ce masa me zai hana ka yi abin da jiki zai karɓa, a 1969 a Jami'ar Florida ya narka gilashin da ke manne wa ƙashi, amma sai da likitoci suka shigo suka gwada, kuma sai 1985 aka amince da na'urar farko ta cikin kunne da aka yi da shi. Shi ma da ke da kayan aiki bai iya shi kaɗai ba. Ka yi gilasanka da kyau, ka ɗauki awon da za ka iya, sannan ka rubuta wa wanda ka karanta maƙalarsa, gajeren imel, ga abin da na narka, ga abin da na gani wanda ya saɓa ko ya dace da naka, ina neman awon Raman ko NMR, masu nuna yadda ragar cikin gilashi take, a kan samfuri shida, mu rubuta tare. Wasu ba za su amsa ba, wani zai amsa. Hukumar gilashi ta duniya wato ICG, wadda aka kafa tun 1933, tana shirya makarantar bazara ta matasan masu bincike a Montpellier, TWAS kuma, wato cibiyar kimiyya ta duniya mai tallafa wa masu bincike na ƙasashe masu tasowa, tana da guraben ziyarar bincike na 'yan watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya, takardun nema sukan rufe watanni da yawa kafin lokaci, don haka ka buɗe shafukansu tun wannan satin ka rubuta ranakun a kalanda, kuma ka nemi wasiƙar shugaban sashenku da wuri don ita ce takan makara.